Lambun da Ba a Yi wa Feshi Ba

Litinin, da hantsi

Darɓa ta sauka a kabeji. Na ɗaga ganye ɗaya na ga bayansa ya yi toka-toka, 'yan ƙananan ƙwari sun manne suna tsotse shi, ga danƙo yana kama yatsa. Na ɗaga na kusa da shi, haka. Layin da ke jikin katanga ya fi kamuwa.

Da can wannan ba abin da zan zauna in rubuta ba ne. Na san abin da ake yi. Amma yanzu babu kwalbar maganin feshi ko ɗaya a gidan nan. Ranar da muka dawo da Auta daga asibiti na kwashe su duka, har da wadda ba a buɗe ba, har da famfon feshin, na kai wa mai shagon kayan gona na ce ya yi yadda ya ga dama da su. Ya buɗe baki zai yi tambaya, ya dubi fuskata, ya fasa.

Likitar Auta ce ta ce in riƙa rubutu. Ta ce ba 'yata kaɗai ke buƙatar kulawa a gidan ba. Na ce mata ni kafinta ne, abin da nake rubutawa bai wuce awon katako ba. Ta ce to in fara da awon katakon.

Ga shi na fara da kabeji.

Talata, da yamma

Auta ta ci abinci kaɗan. Uwarta ta ce ya fi na jiya.

Likita ta ce kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki a kulle, don haka yau na cire sakatar ƙofarta. Ni na kafa sakatar nan da hannuna shekarar da ta shiga sakandare ta ce yayyenta suna mata kutse. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya ina kwance ƙusoshin. Ba ta tambaye ni me nake yi ba. Na sa sakatar a aljihu, har na isa shago tana buga mini cinya.

Laraba, da azahar

Na je wurin matar nan mai sayar da iri da dashe a bakin kasuwa. Na kai mata ganye ɗaya a leda. Ta duba, ta miƙa hannu za ta ɗauko kwalbar magani daga kantar shagon.

Na ce, "Ban da wannan."

"To akwai na hoda."

"Ban da shi ma. Ba na son komai a gidan da ba za a iya ajiye shi kusa da abinci ba."

Ta dube ni ta saman tabaronta. Ba ta da yawan tambaya, Allah ya saka mata. Ta ce in haka ne sai dai in nemi masu cin darɓar. Na ɗauka wasa take yi. Ta ce a'a, akwai ƙwarin da abincinsu ke nan: jan ƙwaron nan ɗan kewayayye mai ɗigon baƙi a baya, da wani ƙuda mai kama da ƙudan zuma, da wasu 'yan ƙananan zanzaro da ido da ƙyar yake ganinsu. Ta ce feshi yana kashe su tare da darɓar, sai darɓa ta riga su dawowa.

"To ina ake sayar da su?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, ba a sayen su. Gayyatar su ake yi. Ka ba su fure, ka ba su ruwa, ka ba su wurin kwana."

"Yaushe za su zo?"

"Ba su da agogo."

Ta haɗa mini dashen furanni masu ruwan ɗorawa da suka riga suka fara toho, da daddoya. Ta ce in bar 'yan karas da albasa su yi fure, kada in cire. Kafin baƙin su iso, in riƙa wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi kowace safiya.

Da na shigo da su a kwali uwar yara ta leƙa ta ce, "Malam, fure za mu ci bana?" Rabon da ta tsokane ni har na manta. Na ce eh, da miya.

Alhamis, da sassafe

Na dasa su tsakanin layukan. Na ajiye tsohon faranti da ruwa, na zuba tsakuwa a ciki don masu sha su sami wurin tsayawa kada su nutse. Kusurwar da nake sharewa ƙal kullum na bar ta da busasshen ganyenta.

Tagar Auta tana kallon lambun. Labulen bai motsa ba.

Juma'a, da yamma

Ba su zo ba.

Asabar, da la'asar

A shago na yanka ƙofar kabad a gajarce. Mai walda da ke jikin shagona ya ga ina jujjuya ta ya ce, "Oga, yau kuma kai ne da wannan?" Sannan ya tambayi jikin yarinya. Na ce da sauƙi. Ya ce zazzaɓin bana ba dama. Na ce wallahi kuwa.

Zazzaɓi muke ce wa mutane. Uwarta ce ta fara faɗa, ni kuma na bi.

Lahadi, da hantsi

Yaya ta zo dubiya. Ta shiga ɗakin Auta ta daɗe, muryarta kaɗai ake ji. Da ta fito ta zauna a falo ta gyara mayafi ta ce, "Ni dai tun da nake, a zuri'armu ban taɓa jin wanda ya..."

Uwar yara ta ce, "Yaya, shayinki zai huce."

Ta faɗe shi a hankali, amma Yaya ta ji. Ta shanye shayin. Na raka ta bakin titi. Kafin ta shiga mota ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ma ka rame, ƙanena." Idonta ya kawo ruwa. Ba mugunta gare ta ba. Tsoro ne yake fito mata ta baki.

Ba su zo ba. Darɓa ta tsallaka wake.

Litinin, bayan dawowa daga asibiti

Mun kai Auta wurin likita. Ni da uwarta muka zauna a benci a waje. Bencin ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, duk wanda ya motsa sai ya karkata. Na naɗe takarda na cusa a ƙarƙashi. Uwar yara ta ce ko a nan ma ba zan huta ba.

Auta ta fito idonta ja. A mota ta jingina kai da gilashi har gida.

Talata, da safe

Wanke ganye, ɗaya bayan ɗaya. Bayana ya riƙe. Na lura kiyashi suna hawa da sauka a jikin waken, suna zagaye darɓar kamar makiyaya. Mai iri ta ce danƙon suke sha, shi ya sa suke gadin ta, suna korar duk wanda ya zo ci. Na shafa man inji a tsumma na ɗaure a gindin sandunan da waken ke hawa. Sun zo sun tsaya, sun yi shawara, sun juya.

Laraba, da yamma

Maƙwabcina Direba ya leƙo ta katanga ya ga kabejin. Ya yi salati. Ya ce, "Kafinta, kana kallo za su cinye maka gumi?" Na ce ina wani gwaji ne. Ya girgiza kai ya tafi.

Can sai ga sallama. Na fito na gan shi a tsakar gida da famfo a kafaɗa, kwalba a hannu, yana murmushi. Ya ce shi zai yi mini da kansa, ba sai na ce komai ba.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce ya fita da ita. Na ce ya fita da ita yanzu. Warin ya riga ya cika tsakar gidan, warin nan dai. Uwar yara tana bakin kicin, ta saki kwano ta shige ciki.

Mutumin nan shi ya tuƙa mu da Auta zuwa asibiti ran nan, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya ga abin da ya gani, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Sai da ya dubi kwalbar da ke hannunsa sannan ya tuna. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ka yafe ni, wallahi kabejin kawai na gani." Ya fita da baya-baya.

Na bi shi gida da magariba na ba shi haƙuri. Ya ce shi ne da ban haƙuri. Muka yi ta jan haƙurin tsakaninmu har matarsa ta ce mu raba shi biyu kowa ya tafi da rabi.

Alhamis

Ban fita shago ba. Ba su zo ba.

Juma'a, da hantsi

Na tattara guntayen katako a shago na yi musu gida. Akwati ne ɗan ƙarami mai rufin kwano. Na huda ramuka manya da ƙanana a jikin guntayen, na cusa busassun karare masu rami a tsakani. Mai walda ya tambaya na wane ne. Na ce na baƙi. Ya ce, "Baƙin nan dai ba su da jiki." Da na yi masa bayani ya yi dariya har da zama a ƙasa, ya ce ya ga mai gina wa kaza, ya ga mai gina wa tantabara, yau ya ga mai gina wa ƙwaro. Sannan ya lanƙwasa mini ƙarfen ratayewa.

Na rataye shi a jikin bishiyar lemo. Na ce wa uwar yara nan ne rana ta fi bugawa da safe. Ta dubi bishiyar, ta dubi tagar Auta da ke daidai da ita, ta ce, "Haka ne, Malam. Rana."

Asabar, da safe

Furannin sun buɗe. Ƙuda ɗaya mai zanen rawaya ya zo ya tsaya cak a iska a kan fure, kamar an rataye shi da zare. Na daɗe ina kallonsa. Ban sani ba ko shi ne wanda ake nufi.

Lahadi, da safe

Ja, mai ɗigon baƙi. A bayan ganyen wake. Guda ɗaya tak.

Na kira uwar yara da hannu don kada in yi magana ya tashi. Ta zo da ludayi a hannu ta sunkuya. Ta ce, "Wannan ɗan mitsitsin ne muke ta jira?" Na ce shi ne. Ta ce, "To sannu da zuwa."

Laraba, da yamma

Kwana biyu ban rubuta ba, babu abin rubutawa. Layin jikin katanga ya tafi, ganyen ya nannaɗe ya yi baƙi. Na tumɓuke shi. Jajayen sun ɗan ƙaru, amma darɓa ta fi su yawa nesa ba kusa ba.

Auta ta yi wanka ba tare da an ce ta yi ba.

Asabar, da sassafe

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Ina wanke ganye sai na ga wata sabuwar masifa. Wasu baƙaƙen tsutsotsi masu ƙafafu, jiki duk ƙaya-ƙaya, da ɗigon ruwan lemo a gefe. Munana ƙwarai. Sun cika bayan ganyen wake. Na ce yau kuma ga wasu. Na fara murƙushe su da yatsa.

"Baba, bari!"

Na ɗaga kai. Labule a buɗe, tana tsaye ta riƙe ƙarfen taga.

"Kar ka kashe su. 'Ya'yansu ne."

"'Ya'yan wa?"

"Na jajayen. Na ga inda suka sa ƙwai. A ganyen da ke kusa da tagar nan, rawaya, a jere. Daga ciki suka fito."

Ashe tana kallo. Duk kwanakin nan tana kallo.

Ta fito ba takalmi, da zanen barcinta. Hasken rana ya sa ta runtse ido. Ta tsuguna kusa da ni ta juya ganye ta ce in duba. Ɗaya daga cikin munanan ya kama darɓa yana ci, ya gama ya kama ta gaba, ko hutawa ba ya yi. Na dubi yatsuna. Na ce, "Na kashe da yawa fa." Ta ce, "Akwai saura."

Ta ce bari ta tabbatar. Ta shiga ta ɗauko wayarta, wadda take kashe tun ranar da ta dawo daga garin da take aiki da akwatinta. Ta kunna don ta nuna mini hoto. Wayar ta fara ƙara. Saƙo bayan saƙo, ba ƙaƙƙautawa. Na ga tana karantawa. Ta ajiye wayar a kan ƙasa a hankali, ta tashi ta koma ɗaki.

Ban duba ba. Na kife ta, na kai wa uwarta.

Lahadi

Labule a rufe. Ba ta ci komai ba.

Litinin, da yamma

Ba wannan Litinin ɗin ce ranarmu ba, amma uwarta ta kira likita ta ce mu zo. Sun daɗe a ciki. Daga baya likitar ta kira mu ta ce irin wannan yana faruwa, ba komawa baya ba ne, kuma Auta ce da kanta ta gaya wa uwarta da asuba cewa ba ta jin daidai. Ta ce wannan babban abu ne, mu riƙe shi.

Na riƙe.

Laraba, da safe

Auta ta fito. Ta zauna a kan bokitin da na kife, ta lulluɓe da mayafin uwarta. Na ci gaba da ban ruwa. Can ta ce farantin ya bushe. Na miƙa mata buta.

Alhamis, da la'asar

Yau ta gano wani abu. Wasu daga cikin darɓar sun kumbura sun zama ruwan ƙasa, sun bushe kamar ƙwayar hatsi, wasu da 'yar huda a baya. Na kai wa mai iri. Ta ce aikin ƙananan zanzaron ne, a cikin darɓar suke sa ƙwai. Ta ce kada in wanke waɗannan. Na dawo na gaya wa Auta. Ta yamutsa fuska ta ce, "Kai, Baba, wannan ai rashin imani ne." Na ce namu ne dai, a gefenmu suke. Bakinta ya motsa. Ban ce murmushi ba ne, amma ya yi hanyar.

Asabar, da yamma

Muna cire ciyawa ni da ita, kowa da layinsa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Baba, har yanzu ba ka tambaye ni ba."

Na ce, "Sai kin shirya."

"In ban taɓa shiryawa ba fa?"

"Sai mu ci gaba da cire ciyawa."

Ta tumɓuke wata ciyawa. Sannan ta ce, "Saboda ni ka bar kabejin ya lalace."

Na so in ce a'a. Na ga za ta gane. Na ce, "Saboda ni ne. Hannuna ba zai iya riƙe famfon nan ba kuma. Ko kin tafi wata ƙasa ba zai iya ba."

Ta sunkuyar da kai ta yi kuka, ba irin na kwanakin baya ba, wannan da sauti. Hannuna duk ƙasa ne, na dafa kanta haka nan. Da ta gama ta share fuska ta ce na ɓata mata ɗankwali.

Talata, da safe

Wake ya farfaɗo, sabon ganye yana fitowa tsaf. Kabejin da ya rage yana naɗe kai, da 'yan huji a ganyen waje, amma cikin lafiya lau. Darɓa tana nan, ba ta ƙare ba. Mai iri ta ce ba a so ta ƙare ma, in ta ƙare baƙin za su tashi. Ramuka da dama a gidan da na rataye an toshe su da laka, wani ya tare. Ƙoƙi-ƙoƙi ya kama wuri a kan daddoya, yana zaune kamar mai jiran a kawo masa ƙara.

Direba ya leƙo ya ce darɓar tawa ce ta yi hijira gidansa, zai kai ni ƙara. Auta ta ce masa, "Kawu, sai dai mu ba ka aron sojoji." Ya dube ta, ya dube ni, ya yi ta dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Alhamis, da yamma

Ta ce ran Litinin ita kaɗai za ta je wurin likita. Uwarta ta dube ni. Na dubi kwanon gabana. Ta ce likitar ta yarda, mu kira mu tambaya. Mun kira. Ta yarda.

Lahadi

Na yi ta gyara abin da bai lalace ba.

Litinin, bayan magariba

Ta fita da hantsi, da jaka a kafaɗa da tsohuwar wayar uwarta. Na buɗe shago na kasa aiki, na dawo gida. Azahar ta yi. Lokacin da ya kamata ta dawo ya wuce. Uwarta ta kira, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. Ta kira asibiti, aka ce ta daɗe da fita.

Ba zan rubuta abin da ya zo mini a rai ba. Na tsaya a bakin ƙofar gida. Uwar yara ta fito ta koma, ta fito ta koma. Direba ya fito da mukullin mota a hannu, ya tsaya kusa da ni.

La'asar ta wuce sai ga ta ta shawo kwana, tana tafe a hankali, ta rungumo kwali da hannu biyu, ganye yana leƙowa ta sama. Wurin mai iri ta biya. Wai sun zauna hira, matar ta sa ta taya ta raba dashe, wayar kuma tana ƙasan jaka ba ta ji ba.

Makonni ke nan ba wanda ya ɗaga mata murya a gidan nan. Lallaɓa ta muke yi kamar ƙwai, ko cokali ya faɗi sai mun dubi juna. Yau uwarta ta manta da duk wannan. Tun daga bakin ƙofa ta fara. Wace irin yarinya ce ke, ba ki da hankali ne, waya ado ce, kin san halin da kika sa mu, dubi ubanki ko ruwa bai sha ba, ke da kwalinki. Ta bi ta har tsakar gida tana yi, har da nuna ta da ludayi.

Na matsa zan shiga tsakani.

Auta ta ajiye kwalin, ta turo baki ta ce, "Haba Mama, sai ka ce wata ƙaramar yarinya. Na ce ban ji ba ne."

"Kar ki mayar mini da magana!"

"To yi haƙuri."

"Ban haƙura ba. Wuce ki wanke hannu ki yanka mini albasa."

Ta wuce tana gunaguni. Direba ya mayar da mukulli aljihu ya tafi gida yana murmushi. Ni kuma na zauna a bakin lambu. Daga kicin ina jin su, uwar tana ci gaba da faɗa, 'yar tana cewa wuƙar ba ta da kaifi.

Gobe zan wasa musu ita.